Baƙon da Ke Saman Mikiya

Mu a Chillka, can ƙuryar tsaunukan Peru,
hanya kan gaji kafin ta iso mu.
Masu kafa ƙarfen sabis sun zo sau ɗaya,
suka auna dutse, suka ƙirga gidajenmu, sha tara,
suka naɗe igiyarsu suka juya.

Wata shekara jikata Yoselin
ta nuna mini wani farin ɗigo da rana tsaka.
Na ce tauraro ne ya makara.
Ta ce a'a, kaka, balan-balan ne,
yana saman gajimare, saman mikiya, saman jirgi,
rana yake ci, magana yake zubowa.
Na ce to, gani ya kori ji.

Ba shi da turke. Iska ce uwar ɗakinsa.
In ta so, ta tsayar mana da shi kwana huɗu,
in ta so, ta kai wa mutanen ƙetaren kwari,
mu zauna muna kallon waya kamar tukunyar da ba wuta.
Ni da na san iskar da ke ƙone ganyen dankali
da wadda ke sa alfaka su dunƙule a bayan katanga,
ga ni da furfura ina koyon halin wata iska
da ba ta taɓa taɓa fatata ba.

Ran da Don Fulgencio ya zo sayen ulu
ya rataye sikelinsa, ya faɗi farashin shekaran bara.
Yoselin ta haye katangar garke,
ta miƙa hannu sama kamar mai roƙon ruwa,
ta karanto masa farashin birni na safiyar ranar.
Ya yi tari, ya gyara hula,
wai tsufa ne ke sa shi mantuwa.
Na san ramin ƙarya ƙurarre ne,
ban dai san daga sama ake hango ƙarshensa ba.

Sai mijina Nicanor ya sauka gari neman maganin ido.
Daren da zai dawo, bai dawo ba.
Sama wayam. Waya gum.
Na ɗora romo, na sauke, na sake ɗorawa,
na fita na zagi ɗigon da ba ya nan.
Da hantsin kwana na uku sai ga shi yana ɗingishi,
taɓo har gwiwa.
Yana cikin kurɓar romon
wayar ta zabura a cikin kwandon zare.
Muryarsa ce, ta shekaranjiya:
"Hermelinda, ruwa ya tafi da gada,
zan zaga ta bayan dutse, kada ki jira ni da abinci."
Ya dubi kwano, na dube shi.
Sau uku muka saurara.
Shekara arba'in da ɗaya muna tare,
ban taɓa jin yadda yake kiran sunana
in ba na wurin ba.

A watan sanyi baƙon ya faɗo gonar Saturnino,
shimfiɗe, fari, ya fi filin makaranta faɗi.
Yara suka zagaye shi, ba mai magana.
Wasu suka zo da mota, suka kwance akwatin cikinsa,
suka bar mana ledar.
Mun yanka ta da almakashin askin alfaka.
Rabona na lulluɓe irin dankali da shi,
raɓa ta daskare a kansa, ƙasa ba ta ji ba.

Sun ce za a sako wani.
Nicanor, da idon bai warke ba,
kullum da rana tsaka sai ya tambaye ni ko ya iso.
Nakan ce tukuna.
Sannan in laluba kwandon zare.
Saƙon nan yana ciki,
shi ba ya jiran iska.